Daga Marakish Zuwa Ƙololuwar Tubkal: Kwana Bakwai a Maroko

Takardar da na fara tsara wannan tafiya a kanta tana nan a ajiye, kuma duk wanda ya dube ta zai ga abin da aka soke ya fi abin da aka bari yawa. Kwana bakwai kacal muke da su, ni da yayana, domin hutun da aka ba shi a wurin aiki bai wuce haka ba, amma sai da na cusa wa waɗannan kwanaki birnin Fas da birnin Marakish, da tsohon garin ƙasa na Ait Bin Haddu, da masallacin Tinmal, sannan na ɗora musu hawan Tubkal, dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a Arewacin Afirka, mai mita 4,167. Da Yaya ya karanta, sai ya ajiye takardar ya ce: "Wannan ai ba ziyara ba ce, gudun fanfalaki ne. Ka zaɓi dutse guda da birni guda, sauran mu bar wa Allah."

Tinmal ne ya fara fita, saboda girgizar ƙasar da aka yi ranar 8 ga Satumba, 2023, wadda ta kashe mutum kusan 3,000, ta rushe mafi yawan masallacin. Ait Bin Haddu ya bi baya, don zuwa da dawowa kaɗai kan cinye wuni guda a mota. Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne Fas, domin na san duk wanda ya ji ka je Maroko a garinmu, tambayarsa ta farko ita ce ko ka ziyarci zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani. Sai dai tsakanin Marakish da Fas tafiyar fiye da awa shida ce a jirgin ƙasa, kuma babu yadda za a yi kwana bakwai su ɗauki wannan nisa tare da dutse. Bayan an soke waɗannan sai kwana ɗaya ya yi rara, muka yi ta ja-in-ja a kansa: ni ina so a ƙara wa birni, shi kuwa ya dage a kwana biyu a ƙauyen gindin dutse kafin a fara hawa. Na bi maganarsa ne don girmamawa, ba don na gamsu ba.

Sauran shiri bai ɗauke mu lokaci ba. Mun zaɓi watan Oktoba, lokacin da zafin Marakish ya sassauta kuma dusar ƙanƙara ba ta kai ga rufe hanya ba. Mun sayi rigunan sanyi da safar hannu a wajen 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai, muka kuma shafe makonni shida muna hawa Dutsen Dala muna sauka bayan sallar asuba, ɗauke da jaka a baya. Mun sauka Kasabalanka ranar Asabar, jirgin ƙasa ya kai mu Marakish cikin kusan awa uku, washegari kuma muka kama hanyar kudu ba tare da mun leƙa ko'ina a birnin ba. Da gangan na sa dutse a gaba, domin ƙafa tana da sauran ƙarfi a farkon tafiya, kuma idan yanayi ya ɓaci akwai kwanakin da za a ranto daga baya.

Daga Marakish zuwa Imlil, ƙauyen da ke gindin Tubkal, tafiyar kimanin awa ɗaya da rabi ce, ta Tahanawut da Asni, kuma tun daga Asni hanya take fara murɗewa tana bin gefen kwari. Imlil yana kan tsayin kimanin mita 1,800, kuma nan ne kowa yake hayar takalmin hawa da sanduna, ya kuma haɗu da jagoransa. Ɗaukar jagora ba zaɓi ba ne: tun bayan kisan wasu 'yan yawon buɗe ido mata biyu a yankin cikin Disamba 2018, hukuma ta wajabta shi, kuma akwai shingen jami'an tsaro a kan hanya inda ake duba fasfo. Jagoranmu magidanci ne ɗan ƙauyen Arumd, wanda ke saman Imlil kaɗan, kuma a gidan danginsa muka sauka. Yana kiran Yaya "Alhaji", ni kuma "Sidi", muna fahimtar juna da Larabcin makaranta da ɗan Turanci.

Ranar Litinin ita ce ranar da na yi ƙyashin bayarwa. Da safe muka hau wata mashiga da ake kira Tizi Mzik, mai tsayin kusan mita 2,500, muka sauko kafin la'asar, don jiki ya ɗanɗana sama ya dawo ya kwana a ƙasa. Hikimar ita ce, iska tana raguwa gwargwadon hawa, har ta kai a tsayin mita 4,000 abin da mutum yake shaƙa kimanin kashi 60 cikin ɗari ne na abin da yake samu a bakin teku, kuma jiki ba ya sabawa da wannan a dare ɗaya. Amma ba wannan ne ya sa nake tuna ranar ba. A takardata na raba tafiyar gida biyu, na rubuta "dutse" a hagu, "tarihi da al'ada" a dama, na ɗauka na biyun sai an koma birni. Da yammacin nan a Arumd na gane rabon bai yi daidai ba.

Gidajen ƙauyen na dutse da laka ne, an jera su hawa-hawa a jikin tudu, rufin wani shi ne farfajiyar wani. Ƙarƙashinsu akwai gonaki 'yan sirara da aka tokare da katangar duwatsu, da lambunan tuffa, da manyan itatuwan da Larabawa ke kira jauz, waɗanda lokacin kakkaɓe 'ya'yansu ya yi, har hannayen matan gidan sun yi baƙi saboda ɓare ɓawonsa. Ruwa yana zuwa ne ta wata ƙaramar magudana da aka janyo daga rafi, kuma na tsaya na ga wani dattijo ya ɗauke dutse guda da tsumma daga bakin wata kafa, ya toshe wata da su, ruwan ya juya ya shiga gonarsa, domin lokacinsa ne ya zo a rabon da mutanen ƙauyen suka yi a tsakaninsu. Harshensu Tashilhit ne, ɗan'uwan harshen Buzayen da muka sani, kuma rubutun Tifinag da na gani a allon makarantar ƙauyen ya tuna mini da wanda maƙeran Buzaye ke zanawa a jikin azurfa. Tun shekarar 2011 tsarin mulkin ƙasar ya amince da harshen Amazik, wanda Tashilhit reshensa ne, a matsayin harshen hukuma tare da Larabci.

Da magariba muka bi maigidan zuwa masallaci. Bayan an idar, sai mutane suka zauna da'ira suka kama karatun izu guda baki ɗaya, da ruwayar Warshu, irin wadda muka tashi da ita a makarantar allo. Yaya bai san lokacin da ya shiga cikinsu ba, kuma da aka shafa, limamin ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba. A gida, maigidan ya haɗa shayin na'a-na'a, yana ɗaga buta sama yana tsiyayawa har kumfa ta taru, sannan ya nuna mana tsagar da girgizar ƙasa ta bari a bangon ɗakin, wadda aka cike da siminti amma sawunta bai ɓace ba. Ya ce sun yi makonni suna kwana a tanti a fili, kuma ƙauyukan da ke yamma da su sun fi su shan wahala nesa ba kusa ba. Bai roƙi komai ba. Abin da ya ce kawai shi ne, duk baƙon da ya zo ya kwana, ya ɗauki jagora da alfadari, ya taimaka wajen tayar da bango.

Ranar Talata alfadari ya ɗauki kayanmu muka kama hanya. Bayan kamar awa biyu muka iso Sidi Shamharush, inda wani ƙaton dutse da aka shafe da farar ƙasa yake zaune a bakin rafi, mutanen yankin suna danganta wurin da sarkin aljanu, wasu kuma suna zuwa neman waraka. Ba mu tsallaka gadar ba, muka tsaya a wata rumfa muka sha ruwan lemon da aka matse a gabanmu, wanda aka sanyaya da ruwan rafin. Daga nan itatuwa suka ƙare, sai dutse tsagwaronsa, har muka isa masaukin mahaya da ke kan mita 3,207 bayan kusan awa shida. Sanyin wurin ya wuce duk wani hunturu da na sani, ruwan alwala kuwa kamar yana yanka fata, don haka muka yi ƙasaru muka haɗa salloli.

Cikin dare kan Yaya ya fara sarawa, ya kasa cin abinci, zuciyarsa tana tashi. Tun a Kano mun yi alkawarin cewa duk wanda jikinsa ya ƙi, zai faɗa, kuma ba za a yi masa magiya ba. Wajen ƙarfe huɗu, da jagora ya tashe mu, sai ya ce mini: "Je ka, ka gano mana. Ni nan ne rabona ya tsaya, kuma na gode wa Allah." Na so in zauna tare da shi, amma jagoran ya duba shi ya ce ba ya cikin haɗari muddin bai ƙara hawa ba, mai alfadarin kuma ya ce zai kula da shi.

Mun fita da tocila ɗaure a goshi, ba na ganin komai sai dugadugan jagora da tsakuwar da ke zamewa a ƙarƙashin ƙafa, taku uku gaba, ɗaya baya. Na yi sallar asuba a bayan wani dutse da taimama, hannuna yana rawa. Daga mashigar da ke kusa da mita 4,000 na koma ƙirga taku ashirin in tsaya in huta, jagoran yana cewa "shwayya, shwayya", wato sannu-sannu. Bayan awa huɗu muka iso wani ƙarfe mai siffar dala da aka kafa a ƙololuwa. Ta arewa filin Marakish ne kwance cikin hazo, ta kudu kuwa tsaunuka ne jajaye suna ta raguwa zuwa wajen Sahara, kuma na daɗe ina kallon wannan ɓangare, ina tuna cewa can bayan rairayin ne gida yake. Iska ba ta bar mu mun wuce minti ashirin ba. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, kuma wanda zai tsara irin wannan tafiya ya sani cewa a wannan rana ɗaya zai sauko fiye da mita 2,000 kafin ya kai ƙauye. Na tarar da Yaya ya warware, yana zaune a rana yana shan shayi, kuma muna fara gangarowa ciwon kan ya ɓace gaba ɗaya.

Kwana biyu suka rage wa Marakish, ƙafafuna kuma sun yi tsami, saboda haka muka taƙaita a kan wurare kaɗan. Mun ratsa dandalin Jami'ul Fana da dare sau ɗaya, hayaniyarsa ta ishe mu. Makarantar Bin Yusuf, wadda Sarki Abdullahi al-Galib ya gina wajen 1565, ita ta fi kama hankalina, ba don adon farfajiyarta kaɗai ba, sai don ɗakunan ɗalibai kimanin 130 da ke samanta, waɗanda wasunsu da kyar mutum zai miƙe ƙafa a ciki. A maƙabartar sarakunan Sa'adiyawa na tsaya a kan kabarin Ahmad al-Mansur, wanda rundunarsa ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591, aka kuma kawo malamin Tumbutu Ahmad Baba wannan birni a matsayin kamamme. Marmara da zinariyar ɗakin suna da kyau ƙwarai, amma ban iya kallonsu ba tare da tuna Tumbutu ba. A majemar Bab Dabbag kuwa warin da ramukan jima duk irin namu ne, kuma na tuna cewa jar fatar akuyar Kano da Sakkwato ta daɗe tana tsallaka Sahara, Turawa suna sayenta da sunan fatar Maroko.

Ranar Juma'a muka yi salla a masallacin Kutubiyya, mai hasumiyar mita 77 da sarakunan daular Muwahhidawa suka gina a ƙarni na 12. Da la'asar Yaya ya ce akwai wuri ɗaya da ba ya cikin takardata wanda ba zai bar garin bai je ba, wato kabarin Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da ake karantawa a zaurukanmu duk watan azumi, wanda ya rasu a wannan birni a 1149. Muka bi lunguna muna tambaya har kusa da ƙofar Bab Ailan, muka tarar da wurin shiru, babu kowa sai mai gadi da wata tsohuwa tana jan carbi. Yaya ya zauna ya yi addu'a mai tsawo, ya sa mahaifinmu a ciki, wanda a bakinsa muka fara jin littafin.

Washegari a jirgin ƙasa, muna komawa Kasabalanka, ya ce in miƙo masa takardar nan. Ya juya bayanta ya rubuta: "Fas, kwana uku. Arumd, kwana biyu." Na tambaye shi ko zai sake gwada Tubkal, ya ce a'a, masallacin ƙauyen yake so ya koma, domin limamin ya ce masa idan ya dawo shi zai ja musu izu.