Sanya ƙanƙara a gaban mai jego: yadda ake yi da inda amfaninta ya tsaya

Wurin da ake magana a kai shi ne ɗan naman da ke tsakanin farji da dubura. Shi ne ke buɗewa sosai lokacin da kan jariri ke fitowa, kuma nan ne mace ke ƙaruwa, ko ungozoma ta yi mata ƙari da almakashi ta ɗinke. Ko da ba a ƙaru ba, wurin yakan kumbura ya yi tsami, zama ya gagara, fitsari ya riƙa zafi.

Aikin sanyi a nan iri biyu ne. Yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, ruwan da ke taruwa a cikin nama ya ragu, kumburi ya sauka. Yana kuma rage saurin saƙon da jijiya ke kaiwa ƙwaƙwalwa, sai raɗaɗi ya lafa na ɗan lokaci. Iyakarsa ke nan. Ba ya haɗe ɗinki, ba ya kashe ƙwayoyin cuta. A ƙa'idojin kula da mai jego da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, ta ce ana iya ba mace wannan zaɓi a kwanakin farko bayan haihuwa idan tana so, ta kuma sa farasitamol a matsayin maganin farko na wannan ciwo. Wato su biyun tare suke tafiya, ɗaya ba ya korar ɗaya.

Hanya mafi sauƙi ita ce audugar mata. A wanke hannu da sabulu, a buɗe sabuwar auduga mai kauri, a zuba mata ruwa mai tsabta kamar cokali 2 zuwa 3 a tsakiya. Kada a jiƙa ta sharkaf, domin in ta daskare za ta zama kamar katako, gefenta ya riƙa gogar ɗinki. A ɗan lanƙwasa ta yadda za ta bi siffar jiki, a sa ta a jakar leda mai tsabta ita kaɗai, a rufe, a sa a firiza. In an fito da ita a bari ta yi minti 2 ko 3 ta ɗan saki, sannan a shimfiɗa mata gauz ko siririn ƙyalle mai tsabta. Wata hanyar kuma a daka ƙanƙara ƙanana, a zuba a safar hannu ta roba irin ta asibiti, a ƙulle bakin, a naɗe da ƙyalle. Dakakkiyar ƙanƙara ta fi dunƙule, don tana kwanciya a jiki, ba ta danna wuri guda.

Minti 10 zuwa 20 ake bari, sannan a cire. A ba fata hutun aƙalla awa ɗaya kafin a sake, kuma a kwance a gefe ya fi, ba a zauna a kai ba, domin nauyin jiki yana matse ƙanƙarar a kan nama. Amfaninta ya fi yawa a awa 24 na farko, ana kuma iya ci gaba har kwana 2 ko 3. Bayan nan mata da yawa sun fi jin daɗin zama a ruwan ɗumi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka in minti 20 ya yi daɗi, awa ɗaya zai fi. Sanyi mai tsawo yana hana jini isa wurin da ke buƙatarsa don warkewa, yana kuma iya ƙona fata kamar yadda wuta ke yi. Abin da ya sa wannan ke da haɗari shi ne wurin ya riga ya mutu da sanyi, mace ba za ta ji ana yi mata illa ba. Don haka a duba agogo, kada a dogara da abin da jiki ke ji, kuma kada a yi barci da ita. Wadda aka yi wa allurar kashe zafi ta baya, ko aka kashe mata wurin kafin ɗinki, ta jira jin jikinta ya dawo. In fata ta yi fari fat, ta yi tauri ko ta yi ƙuraje masu ruwa, a daina. Sai batun danshi: audugar da ta narke ta haɗu da jinin biƙi, a jefar da ita, a ɗauraye wurin daga gaba zuwa baya, a tsane a hankali, a sa busasshiya. Ba a mayar da ita firiza. Ba a kuma tura ƙanƙara cikin farji, kuma ba a ɗiga wa audugar turare ko man zafi.

Mai sikila ta guji wannan sai likitanta ya yarda, tunda sanyi na tayar da ciwon. Haka wadda sanyi ke fito mata da borin jini, da mai ciwon sukari da jijiyoyinta suka rage ji.

Akwai ciwon da ƙanƙara ba ta isa ta rufe ba. In zafi na ƙaruwa maimakon raguwa, gefe ɗaya ya kumbura ya yi tauri, ana jin kamar abu na danna dubura, yana iya zama jini ne ke taruwa a ƙarƙashin fata, kuma wannan na asibiti ne nan take. Haka zazzaɓin da ya kai digiri 38, wari ko mugunya daga ɗinki, ɗinkin da ya buɗe, kasa yin fitsari, ko jinin da ke cika auduga cikin awa ɗaya.

A lokacin goyon ciki kuwa, inda sanyi ke taimakawa shi ne basir da jijiyoyin gaba da ke kumbura saboda nauyin mahaifa, musamman a watannin ƙarshe. Ƙa'idar kusan ɗaya ce: a naɗe, minti 10 zuwa 15, a kwanta a gefen hagu. Amma a ɗakin haihuwa, lokacin yunƙuri, ƙyalle mai ɗumi ne bincike ya nuna yana rage mummunar ƙaruwa, ba mai sanyi ba.

Maganar cewa sanya ƙanƙara a gaba na taimakawa wajen samun ciki ita ce masu talla suka fi ƙara wa gishiri. Ƙwan mace yana can cikin mara, sinadaran jiki ne ke sarrafa fitowarsa, kuma sanyin da aka ɗora a waje ba ya kaiwa can. A wajen namiji ne maganar ke da ɗan tushe: maraina na buƙatar zafin da bai kai na jiki ba da digiri 2 zuwa 4, kuma ƙwayar maniyyi na ɗaukar kusan kwana 74 kafin ta nuna. Abin da ke da ma'ana shi ne ya rage zama a ruwa mai zafi, matsattsen wando da ɗora kwamfuta a cinya, ba ɗaura ƙanƙara ba. Ma'auratan da suka shekara suna neman haihuwa ba a dace ba, ko wata 6 in matar ta haura shekara 35, su je a gwada su duka biyun.