Idan saba ta ƙi tashi, kada a yi gaggawar fomat

Aikin da ke kawo mutum shagonmu na Jos yana gumi ko a sanyin Disamba shi ne saba, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan ma'aikata ko kasuwanci, ta ƙi tashi. An kunna, fanka na juyawa, amma fuskar kwamfuta baƙa ƙirin, sai layi ɗaya mai cewa ba a ga faifan tayarwa ba.

A bana wani Alhaji mai sarin magunguna ya aiko da tasa, Dell PowerEdge mai aiki da Ubuntu, wani nau'in manhajar Linux, duk lissafin bashin da yake bin mutane na ciki. Kafin ta iso gare ni har wani yaro ya ce a ba shi kuɗin mai ya yi mata fomat, wato ya goge duk abin da ke cikinta. Waɗannan yaran su ne ciwon kaina a sana'ar nan. Filashi ɗaya a aljihu, kowace cuta maganinta goge komai.

Na kara kunne a jikin akwatin, na ji faifan ajiyar bayanai na farko yana ƙas-ƙas, nan take na kashe. Faifan da ke wannan kuka, duk juyin da ya ƙara wata ɓarna ce. Wannan kunnen a wurin maigidana na samo shi, a wani ɗan shagon intanet kusa da Taminus, shekarun bayan gobarar babbar kasuwa ta 2002. Ba ya barin ka taɓa sukundireba sai ka faɗa masa abin da ka ji.

Sa'ar Alhaji, faifai biyu ne a tsarin RAID 1, kowanne kwafin ɗan'uwansa. To me ya hana na biyun tashi? Wanda ya haɗa ta, a kan na farko kaɗai ya sa GRUB, ɗan shirin da ke tayar da Linux. Kaya na nan cikin ɗaki, makulli ne ya ɓata. Na tayar da ita ta filashi, na buɗe faifai mai lafiyar da mdadm, shirin da ke sarrafa RAID, a yanayin karatu kawai, na kwashe komai zuwa wani faifan kafin in canza ko da harafi. Bayan nan na shiga da chroot, umarnin da ke ba ka damar aiki a cikin Linux ɗin da ke kan faifan, na sa GRUB, na kawo sabon faifai suka daidaita, shi ma na sa masa nasa. Na cire kowanne bi da bi na gwada, ta tashi.

Da faifai ɗaya ne, da ddrescue zan kama, shirin ceto bayanai daga faifan da ke lalacewa. Yana fara kwashe wuraren da ke da lafiya, sannan ya koma ya lallaɓa masu rauni, yana kuma rubuta inda ya tsaya, don haka ɗauke wuta ba ya mayar da kai farko.

Samun sabon faifan ma wani yaƙin ne. Na farkon da aka kawo min cikin leda mai sheƙi, da na duba SMART, bayanan lafiya da faifai ke ajiyewa game da kansa, awanninsa na aiki sun haura na shekara uku. Shekara guda awa 8,760 ce, kowa ya lissafa. Na mayar wa mai shi.

Da aka zo biya, Alhaji ya ce, "Haba Injiniya, ai rubuce-rubuce kawai na ga kana yi." Na ce, "Ranka ya daɗe, buɗe littafin bashin ka duba tukuna." Ya duba sunaye uku, ya rage kaɗan duk da haka, ya kuma ce in zo ranar Asabar in haɗa masa ajiyar ko-ta-kwana a wani wuri daban.