Ƙaryar kara biyar da na yi wa likita

Ranar da likita ya fara tambayata karan sigari nawa nake sha a rana, ko ƙifta ido ban yi ba na ce biyar. Wallahi a lokacin kwali guda nake tashi da shi, kara 20 cif, wani lokacin ma har in taɓa na gobe. Hawan jini ne ya kai ni, ba maganar sigari ba, sai ya kalli leɓena ya kalli yatsuna biyun nan da suka yi ruwan ɗorawa ya ce, Malam biyar? Na ce biyar. Ya rubuta.

Ƙannena, ku da kuka fara zuƙa kuna ganin duk ranar da kuka ga dama za ku ajiye, wannan ƙaryar ita ce ta ci min kusan shekara uku. Don ashe tambayar ba ta neman tona asiri ba ce, awo ne. Filastar nikotin (sinadarin da ke cikin taba mai sa mutum ya kamu da ita) da ake mannawa a fata don taimaka wa mai son dainawa ƙarfi-ƙarfi ce, mai shan sama da kara 10 a rana akan fara masa da mai miligiram 21, wanda bai kai ba a ba shi mai 14. Ni da bakina na zaɓi ƙaramar, na manna, kwana biyu kaina kamar ana sara, ga faɗa da kowa a gida, ga barci ya ƙi zuwa, rana ta uku na ɓalle ta na kunna sigari ina cewa maganin banza ne. Maganin ba shi da laifi, ranar wanka ce na ɓoye cibi.

Kuskure na biyu ya fi ban dariya. Cingam ɗin nikotin na samo da kaina na dinga taunarsa ƙas-ƙas kamar cingam ɗin yara, sai shaƙuwa da tashin zuciya da ƙwarnafi. Ashe taunawa ake kaɗan, in ka ji ɗan yaji-yaji a baki sai ka ajiye shi a kumatu, in ya lafa ka sake taunawa, kuma ba a shan kofi ko lemo dab da sa shi don suna hana shi shiga jiki. Bayanin minti ɗaya ne, amma ban koma na tambaya ba, saboda kunyar a ce na koma ruwa. Ranar da aka ba ni in dawo ma sai na ƙi zuwa.

Ni da haushin likitoci nake ji, ina cewa ba su damu ba. Yanzu na ɗan fahimci nasu gefen. Mutum ne da layi a ƙofa, 'yan mintoci gare shi a kanka, ka zo da tari ko hawan jini dole shi zai fara dubawa, sigari sai in lokaci ya rage. Da yawansu ba a koya musu yadda ake raka mutum ya daina ba, sun san illar sarai amma abin da ke bakinsu bai wuce "ka daina fa" ba, wanda ni na ji shi ya fi sau ɗari. Wani wurin magungunan babu su, inda suke kuma aljihu ba ya ɗauka, wani likitan shi kansa yana sha to da wane baki. Sai 2024 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta ta farko ga ma'aikatan lafiya kan yadda za a yi wa manya maganin barin taba, alhali abin nan yana kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara. Ka ɗora musu irina mai ƙarya da gudun dawowa, toh ya za su yi.

Da na koma, wata likita na tarar, kuma na gaji da kaina sai na faɗi gaskiya. Ba ta yi min wa'azi ba ko kaɗan. Tambayarta ta farko ita ce in na farka da safe minti nawa nake yi kafin in kunna na farko. Na ce ko minti biyar ba na kaiwa, a bakin gado nake lalubo laita. Ta ce to Malam wannan ba raunin zuciya ba ne, nikotin cikin 'yan daƙiƙoƙi yake isa ƙwaƙwalwa, kuma jikinka ya saba, mu yi masa magani kamar kowace cuta. Muka tsayar da ranar dainawa, ta rubuta min ƙwayar daina shan taba mai suna varenicline in fara mako guda kafin ranar, in sha har mako 12, ta gaya min tun da wuri cewa zan iya jin tashin zuciya da mafarkai barkatai, in sha bayan na ci abinci. Mafarkan kam na yi su, har dambe na yi da wata katifa. Ta sa na rubuta lokutan da hannuna ke zuwa aljihu da kansa, bayan cin abinci, in ina waya, in raina ya ɓaci, ta ce jarabar in ta taso 'yan mintoci take yi ta sauka, in tashi in zaga in sha ruwa.

A mako na biyar na zame, kara biyu na sha a dare ɗaya. Da a da ne shikenan ba za ta sake ganina ba. Wannan karon na je na faɗa mata, ta ce yawancin waɗanda suka daina sai da suka gwada sau da yawa, me ya faru a daren, muka zauna muka warware shi. Kar dai wani ya je ya sayi ƙwayar nan don ni na sha, likita ne zai duba ƙodarka da sauran magungunan da kake sha tukuna.

In ka tashi zuwa, ka ƙirga karan da kake sha na kwana uku ka rubuta a takarda, har da guntayen da kake karɓa a hannun abokai, in bakinka ya yi nauyi ka miƙa masa takardar kawai.