Takalmin roba da farautar barewa a Wisconsin

Jama'a, farautar barewa a nan Wisconsin, Amurka, ba a yin ta da kowane takalmi. Lokacin farauta da bindiga kwana 9 ne, daga Asabar ɗin da ke zuwa kafin bikin godiya na Thanksgiving a watan Nuwamba, ga sanyi mai ratsa ƙashi, ga fadama.

Maƙwabcina da ya ɗauke ni ya ce in nemi na roba mai dogon wuya, saboda hancin barewa. Fata da yadi suna riƙe warin mutum su shafa wa ciyawa, roba kuwa ba ta cika riƙewa ba, balle in ka cusa ƙafar wando ciki. Shi ko nasa ba ya sawa sai a bakin daji, wai kada ya kwaso warin fetur a gidan mai.

Wahalar tana wajen ɗumi. Ana rubuta nauyin shafin ciki da giram: 400 na mai yawo ne, 1200 zuwa sama na mai hawa bishiya ya zauna tun asuba. Roba ba ta shan iska, in ka yi tafiya da mai kauri sai gumi ya taru, kana zama ya huce, yatsu su sandare. Shi ya sa safar ulu ta fi ta auduga nesa ba kusa ba.

Na ɗauki na kamfanin LaCrosse mai giram 800, wanda ya kama idon sawu tsam don kada laka ta zare shi, yatsu kuma suna motsi. Nauyi dai akwai shi, wallahi, cinyoyina sun shaida.