Godiya ga masu gyara da ƴan kabu-kabun Maraɗi bayan ruwan makon jiya

Assalamu alaikum. A madadin ƴan kabu-kabu na tasharmu, muna miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana a daren da ruwa ya cika tituna, da kwanakin da suka biyo baya. Babura da yawa sun nutse, wasu a kan hanya, wasu a cikin gida inda aka jingine su, musamman a unguwannin da ke gangare wajen gulbi. Alhamdu lillahi, kaɗan ne injinsu ya mutu, kuma hakan ya samu ne saboda magana ɗaya da iyayenmu masu gyara suka yi ta nanatawa tun da asuba, daga unguwar Sabon Gari har unguwar Zariya: moton da ya sha ruwa kada a tada shi.

Muna son ƙannenmu da suka shigo sana'ar bana su san dalili. Fistan yana matse iska da mai ne, ruwa kuwa ba ya matsuwa. In ruwa ya bi ta matatar iska ya shiga kan fistan, kai kuma ka buga kik da ƙarfi ko ka tura moton a giya, sandar da ke riƙe da fistan ce za ta lanƙwashe. Aikin da lita 2 na man inji zai gama sai ya koma buɗe inji gaba ɗaya.

Ga abin da masu gyaran suka yi ta nunawa a bakin garejinsu, ba tare da sun karɓi ko dala ba. A fara kwance buji, wato abin da ke ba injin wuta, a rufe makunni da famfon mai, sannan a buga kik a hankali sau 10 zuwa 15, ruwan zai yi ta feshi ta ramin bujin. A ɗaga gaban moton sama, mutum biyu ko uku, don abin da ya kwanta a salansa ya zubo. A ciro soson matatar iska a wanke, a matse, a shanya ya bushe sarai kafin a ɗan shafa masa mai. A ƙasan kafireta, inda fetur ke gauraya da iska, akwai ƙaramin sukuru, a sassauta shi har sai fetur zalla ya fara fitowa. Ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa tanki ma ake zazzage shi in ana shakka.

Man inji shi ne inda mutane suka fi yin ganganci. In ka zaro ma'aunin ka ga man ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya gauraye da shi. Haojue ko Boxer irin waɗanda muke aiki da su kusan lita 1 suke ci. A juye, a zuba sabo, a bar injin ya yi aiki minti 5 zuwa 10, a sake juyewa. Juye ɗaya ba ya isa. Mun san halin da aljihu yake ciki, amma ruwan Maraɗi da yashi yake tafe, kuma yashin nan shi ke cin inji a ɓoye har sai moto ya fara hayaƙi bayan wata guda.

Birki ma ya jiƙe, ba ya kamawa nan take. A yi tafiya kaɗan a hankali ana ɗan taka shi har ya bushe kafin a ɗauki fasinja. Sarƙa a wanke ta da kananzir, a sa mata mai, a bar mata sassauci kamar yatsa biyu.

Godiya ta musamman ga yayyenmu da suka tsaya a bakin wuraren da ruwa ke gudu suna tsayar da yara masu zafin kai. Ruwan da ya kai bakin salansa ba a shigarsa a kan moto, a sauka a tura, mace mai goyo da tsoho kuwa a sauke su a tudu tukuna, don ba a ganin ramin da ke ƙasa. Mun gode wa masu shaguna da suka buɗe rumfunansu aka shigar da babura, da iyayenmu mata da suka aiko da kunu da fura ga masu aiki a gareji, da masu amalanke da suka kwaso baburan da suka ƙi tashi.

Ƴan'uwanmu da suka ji rauni, Allah ya ba su lafiya, waɗanda gidajensu suka rushe Allah ya mayar musu da alheri. Wanda bai yi juyen mai na biyu ba har yanzu, don Allah ya duba ma'auninsa yau kafin ya kama hanyar Tibiri ko Ɗan Isa.