Ciwon da ke bin tsohon soja gida, da abin da ya kamata a nema a CSI

A Damagaram, in tsoffin sojoji suka rubuta koke, kuɗin ritaya ne ke cinye takardar. Maganar lafiya sai ta zo can ƙasa a layi ɗaya: a kula da lafiyarmu. Wannan layin ba ya ɗaure kowa, duk wanda aka kai wa zai ce ya ji, a yi addu'a a tashi. A ganina mazan jiya za su fi samun biyan buƙata in suka faɗi abin da suke so dalla-dalla, kuma suka nufi CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, da likitar gunduma, domin can ne mai ciwon yau da gobe yake zuwa.

Tun 2015 da yaƙin Boko Haram ya shigo Diffa da Bosso, sannan ga na yankin Tillaberi, an samu sabon rukunin masu rauni, waɗansunsu ba su kai shekara 40 ba. Ga kuma dattawan da suka yi shekaru suna ɗaukar kaya a baya, suna zama a bayan mota kan hanyar da ba kwalta. Sabon rauni babban asibitin ƙasa na Damagaram yake zuwa, a tsai da jini, a yi tiyata, a sallami mutum. Bayan sallama sai ya koma Mirya, Magarya, Tanut ko Gure, wadda ta fi kilomita 150 daga birni. Ba wanda zai riƙa biyan kuɗin mota duk wata don ciwon baya. Sai ya tsaya wurin mai sayar da magani a tebur.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran ciwo mai daɗewa in ya wuce wata 3. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar duk ciwo iri ɗaya. Akwai na ƙashi da gaɓoɓi, wanda ke ƙaruwa in an motsa, ya lafa in an huta. Akwai na jijiyar da ke kai saƙon ji, wanda harsashi ko ɓarɓashin nakiya ya taɓa. Shi wannan ƙuna yake yi, ko suka kamar allura, ko fizga irin ta wutar lantarki, wani lokaci taɓawar riga kawai ta isa ta tayar da shi. Akwai kuma na wanda aka yanke wa ƙafa amma yana jin yatsun da babu su suna masa zafi. Ba aljanu ba ne, ba kuma taɓin hankali ba, ƙwaƙwalwa ce ba ta daina sauraron wurin ba. Majo, wato shugaban ma'aikatan CSI, in ya yi tambaya 4, ina ne, wane iri ne, yaushe yake tashi, me yake hana ka yi, zai iya raba su cikin minti 10 ba tare da hoto ba.

Rabawar tana da muhimmanci saboda maganin ba ɗaya ba ne. Ciwon gaɓoɓi ana fara shi da parasitamol, giram 1 duk awa 6 zuwa 8, kada ya wuce giram 4 a yini, dattijo ko mai matsalar hanta ya tsaya a giram 3. In bai isa ba a ƙara ibuprofen miligiram 400 ko diclofenac miligiram 50, bayan cin abinci, na ƴan kwanaki kawai, kuma ba a haɗa su biyun. A nan ne ɓarna take yawa. Mutum zai yi wata 6 yana shan diclofenac kullum, ba a taɓa auna masa hawan jini ba, ba a duba ƙodarsa ba. Maganin yana cin bangon ciki har ya kawo gyambo, alamar jini kuwa ita ce bayan gida baƙi wuluk. Yana kuma rage jinin da ke zuwa ƙoda, abin ya fi muni a bazarar Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, balle ga mai azumin da ya yini bai sha ruwa ba.

Ciwon jijiya kuwa waɗannan ba su cika yi masa komai ba. Abin da aka saba farawa da shi shi ne amitriptyline, miligiram 10 zuwa 25 da dare, a ƙara a hankali. Yana da araha, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Matsalarsa ita ce ba ya nuna aiki sai bayan mako 2 zuwa 4, alhali bushewar baki da nauyin jiki da safe tun daren farko suke zuwa. In ba a yi wa mutum wannan bayani ba, kwana 3 zai jefar da shi ya ce ba ya yi. Dattijon da fitsari ke masa wuya, ko mai ciwon zuciya, sai an yi hattara da shi ƙwarai.

Sai tramol. Na farmasi miligiram 50 ne ko 100, kuma iyakar abin da likita ke bayarwa a yini 400 ne. Na tebur yakan zo da 225 a ƙwaya ɗaya, wato biyu kawai sun ƙetare iyaka, ban da cewa ba wanda ya san ainihin abin da ke ciki. In ya yi yawa yana kawo farfaɗiya, haɗa shi da amitriptyline kuma yana ƙara wannan hatsari. Shi ya sa dole majo ya tambaya, tsohon soja kuma ya faɗi gaskiya. Amma ba zai faɗa ba in ya san wa'azi za a yi masa a gaban jama'a. Da yawansu ba don maye suka fara ba, ciwo ne ya hana su barci ba su sami mai sauraro ba. Wanda ya daɗe yana sha ba a ce masa ya daina yau, domin gumi, zawo, hamma, rashin natsuwa da rashin barci za su mai da shi kan tebur kafin mako ya zagayo. Ana ragewa ne kaɗan-kaɗan, misalin kashi 10 cikin 100 a mako ko ma ƙasa da haka, ana ganinsa a kai a kai.

Haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda na ciwon jiki ma abin tsoro ne, don sau da yawa akwai dexamethasone a ciki. Jiki zai yi daɗi, fuska ta cika, mutane su ce ya murmure, nan kuwa sukari ne ke hawa ƙashi yana laushi.

To me za a rubuta a takardar? Na farko, rana ɗaya tsayayya a wata a CSI don masu ciwo mai daɗewa, soja da farar hula, kuma ma'aikaci ɗaya ya riƙa ganinsu. Karne ɗaya, a rubuta ƙarfin ciwo daga 0 zuwa 10, awa nawa aka yi barci, tafiya nawa ake iya yi, ana iya sujada ko sai a zaune. Wannan na ƙarshen ya fi lamba faɗin gaskiya. A auna hawan jini duk zuwa, sukari da gwajin ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara ga mai shan maganin ciwo a kai a kai. Ragin rabin kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje da aka yi a asibitocin gwamnati a 2024 ya sauƙaƙa wannan. A nemi amitriptyline ya kasance a ma'ajin CSI ba yankewa, domin ordonans ɗin da sai an je birni a saya rabinsa a aljihu yake ƙarewa. Hanyar shigar da wannan magana ita ce kwamitin kula da CSI da babban likitan gunduma, kuma babu abin da ya hana tsoffin sojoji neman kujera a kwamitin.

Abin da ba ƙwaya ba shi ma a sa shi. Mai ciwon baya kwanciya ba ta yi masa, tafiyar minti 20 zuwa 30 da sanyin safiya da motsa tsokar ciki da ta baya sun fi masa. Mai aikin gashin ƙashi ba zai samu a kowane CSI ba, amma yana iya zagayawa sau ɗaya a wata 3 ya koya wa ma'aikata motsi 5 ko 6. Mai jin ciwo a ƙafar da aka yanke akwai dabarar madubi: ya zauna, ya tsai da dogon madubi tsakanin cinyoyinsa yana fuskantar lafiyayyar ƙafar, ya riƙa motsa ta yana kallon hoton kamar ɗayar ce, minti 15 kullum har mako 4. Ba kowa take yi wa ba, amma kuɗinta kuɗin madubi ne. Dungun kuma a wanke shi duk dare, a shanya sosai, a duba da ƙaramin madubi. Jan da bai gushe ba minti 15 zuwa 20 bayan cire ƙafar roba yana nufin kwanon da dungun ke shiga ya daina zama daidai, sai a koma wurin masu haɗa ta kafin ya zama gyambo.

A tambayi barci. Wanda ke firgita da dare, yana mafarkin fagen daga, ko ƙarar salansar babur ta sa shi zabura, ciwon jikinsa ba zai sauka ba sai an taɓa wannan ɓangaren. Tambayar a keɓe ake yin ta, ba a kan bencin jira ba.

Akwai kuma alamun da ba na jiran ranar wata ba ne, ya kamata kowane iyali su san su. Ciwon baya tare da mutuwar fata tsakanin cinyoyi, kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko ƙafa tana raunana, a tafi babban asibiti a ranar. Ciwon baya da zazzaɓin dare da rama, a nemi tarin fuka na ƙashin baya. Tsohon raunin da ke rufewa yana buɗewa yana fitar da mugunya, galibi ƙashin ne ya kamu, kuma sai likitan tiyata ya gani, maimaita maganin ƙwayoyin cuta kaɗai ba zai warkar da shi ba. Duk wanda ya san akwai ɓarɓashin ƙarfe a jikinsa a rubuta masa a shafin farko na karne, saboda injin hoton maganaɗisu yana iya motsa shi.