Haƙorin Auta da Buroshin da Na Ɓoye

Ni na jawo kogon da ya ci haƙorin ɗana Auta, duk da ban yi da mugun nufi ba. Tun ranar da aka yi masa kaciya jini ya ƙi tsayawa, aka gano yana da himofiliya nau'in A, wato jininsa na da ƙarancin sinadarin daskarewa da likitoci ke kira fakta 8. Daga nan na zama mai gadin jini. Da na ga ja-ja a kumfar man goge baki, sai na ɓoye buroshinsa a saman kwaba. Ashe dauɗar da ke taruwa ce ke kumbura dasashi, jinin ya ƙaru.

Yana shekara 9 turminsa ya rube. Dare guda cikin sanyin Jos ya kwana yana birgima. Mai kemis a unguwarmu ya miƙo min ibuprofen, na mayar masa, don an gargaɗe ni cewa shi da asfirin da diclofenac suna ƙara zubar jini. Farasitamol muka sha.

Likitan haƙori ya leƙa bakin, ya ajiye madubinsa. "Hajiya, ba zan taɓa shi ba sai na ga takardar likitan jini." Raina ya ɓaci, ga yaro na kuka. Sai da muka yi mako 3 kafin allurar fakta ta samu, ba a kowane shago ake sayar da ita ba. Ranar Talata da safe suka sa mana don cire haƙorin, don idan jini ya ɓalle daga baya a tarar da ma'aikata, kada ya faɗa daren Asabar.

Aka yi masa allurar fakta ta jijiya kafin a fara, aka cire haƙorin cikin 'yan mintoci, aka ɗinke, ya ciji auduga rabin awa. Muka taho da ƙwayoyin tranexamic acid na mako guda, masu hana gudan jinin narkewa.

A gida rigimar take: ba kurkure baki ranar farko, ba tsotsa da tsinken shan lemo, ba abu mai zafi. Kakarsa ta dama kunun gyaɗa yana tururi, wai jikanta ya rame. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, sai ya huce." Ta yi fushi har la'asar.

Yanzu buroshi mai laushi yake amfani da shi safe da dare. Sati biyun farko ya riƙa tofar da ja, ina tsaye ina danne zuciyata, daga baya kumfar ta koma fara.